Kwaɗo a Bakin Rijiyar Ɗangana

Malanbil, 5 ga Maris 2005

Zuwa ga ɗiyata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da malamanki da duk mai yi miki alheri a Kwatano. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara sauka. Innarki Aishatu, uwargidana, tana gaishe ki, ƙafar tata ta yi sauƙi. Babbar ɗiyata Sa'adiya ta zo gida goyon ciki, wata bakwai ke nan, ba ta son komai sai kunun tsamiya da faɗa da ƙannenta.

Takardarki ta iso ta hannun Issufu direban bas, da kwalabe ukun da kinka naɗe kamar ƙwai. Kin ce kina son ki auna ruwan rijiyata. To, kafin ki auna, bari ki san rijiyar wa ce. Ke a Faraku kinka tashi, labarina a bakin uwarki Hasiya kinka ji shi, kuma taubashiya ba ta faɗin alherin taubashinta ko da wuƙa a wuya.

Ubana ya rasu ina aji uku a kolej ta Kandi. Na aje littafi ban kai ga jarrabawar brebe ba. Shekara huɗu ina dakon albasa a kaina daga bakin gulbi zuwa tasha. Daga kai na koma keke, daga keke na koma moto, wato babur, ina ƙetara gada zuwa Gaya kafin masu shago su buɗe. Na karɓi fili a ƙauyen Garu wanda kowa ya ce ko ƙaya ba ta son shi, yau shinkafa nake yanka a ciki sau biyu a shekara, albasa tana bin bayanta. Injin ban ruwa da ya mutu mini, ban kai shi wurin kowa ba: na kwance shi na ɗaure har sau uku, sai da ya yi magana. Gidan ga da nake rubuto miki a ciki, bulonsa da hannuna na buga. Ɗiya biyar, duk sun shiga lakkol sun yi boko. Ba ɗan'uwa, ba projen masu agaji, ba ɗan siyasa. Allah kaɗai, sai gumina.

Amma duk cikinsu babu kamar rijiyar. Shekarar da anka yi babban taron ƙasa, mutane suna manne da rediyo, ni ina cikin rami da diga. Gaba takwas. Zoben siminti goma sha huɗu na zuba na saukar. Shekara goma sha biyar ke nan gida arba'in na unguwar ga suna sha, ban taɓa sa mata ƙofa ba, ban taɓa tambayar mace ɗiyar wa ce ba kafin ta jefa guga.

Saboda haka ban ji haushin roƙonki ba, ko da yake na ɗan ji. Na bi takardarki layi-layi: na ɗauraye kowace kwalba sau uku da ruwan, na cika har wuya, na toshe, na naɗe da tsumma jiƙaƙƙe. Ki ɗaga su ga rana a gaban malamanki. Garai-garai suke, ko ruwan famfon Kwatano bai kai su ba.

Abu ɗaya ban gane ba. Kin ce na'urarki da haske take gani. Ni ma da haske nake gani, na kuma duba, babu komai. Ki yi mini bayani yadda mai aji uku zai fahimta, don ba na son in sa hannu a abin da ban sani ba.

Kawunki,
Ɗangana

*

Kwatano, 14 ga Maris 2005

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da jin lafiyarku. A gaishe mini da Inna, a ce wa Sa'adiya ta rage faɗa, kada ɗan ya fito da shi. Ni lafiya, sai wuta da ake ɗauke mana a ɗakin gwaji.

Ga bayanin da ka nema. Jikin mutum shina aika wa kansa saƙo ta cikin jini: saƙon da ke ce wa yaro ya girma, ke ce wa ciki ya zauna, ke ce wa nono ya kawo. Kowane saƙo da wurin da yake shiga, kamar makulli da kwaɗonsa. To, akwai wasu magungunan ƙwari da na ciyawa, da wasu robobi, waɗanda siffarsu ta yi kama da makullin. In sun shiga jiki sai su buɗe abin da bai kamata ba, ko su toshe ƙofa. Ba sa kashe mutum nan take, ba su da launi, ɗan kaɗan ya isa. Waɗanda anka fi ji wa tsoro su ne masu ciki da jarirai.

Na'urar da na zo da ita daga makarantarmu ta Turai tana da ɗan gilashi kamar farce. An shafa mishi irin wancan kwaɗon na jiki. Haske shina bi ta cikin gilashin, ruwa shina bi ta kansa. In akwai makullin ƙarya a ruwan sai ya maƙale, hasken ya sauya, na'urar ta rubuta yawan sauyin. Ba ta faɗin sunan maganin, ba ta faɗin inda ya fito. Abin da ta sani kawai: akwai, ko babu.

Kawu, akwai. Kwalabenka uku duka. Na sake gwadawa da sabon gilashi don kada in zalunce ka, amsa ɗaya. Cikin rijiyoyi goma sha ɗaya da na auna daga Gene zuwa bakin gulbi, babu wadda ta kai rabin taka.

Na yi kwana biyu ina juya yadda zan rubuta wannan. Ina roƙonka a daina sha har sai na sake aunawa, Sa'adiya kuwa tun yau. Tafasawa ba ta fitar da shi. Ga wasu kwalabe uku na ba Issufu. Ka kuma gaya mini, in ba raini, yadda ka ɗebi na farko, da ko akwai gonar da ake feshi kusa da gida.

Ɗiyarka,
Ummul-Khairi

*

Malanbil, 19 ga Maris 2005

Ummul-Khairi,

Salamu alaikum. Jiki lafiya. Sauran ban sani ba.

Da na karanta takardarki na ce wa Innarki: ga abin da boko ke yi, ka ba yaro ruwa ya sha, ya koma ya ce maka guba ne. Na ninke ta na sa a aljihu na tafi gona. Ban yi aikin komai ba. Da na dawo da la'asar na tarar da Sa'adiya zaune bakin rijiya a inuwar darbejiya, da moɗa a hannu, tana sha. Ummu, ban san lokacin da na buge moɗar ba. Ɗiyar da ban taɓa ɗaga wa hannu ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, lafiya?" Na tsince moɗar na shige gida.

Kin tambayi yadda na ɗiba. Na riga na gaya miki, yadda takardarki ta ce. Gonar feshi kuwa, mafi kusa tana bayan hanyar Kandi, tafiyar rabin awa.

Ban ɓoye ba. Da na ga dama da na hana gidana kawai na yi shiru, wa zai sani? Amma washegari bayan sallar asuba na tsayar da liman da jama'a a ƙofar masallaci na karanta musu takardarki, na fassara da Dandanci don tsofaffi. Daga nan na ɗauko kwanon rufi biyu da katako na rufe bakin rijiyar, na sa sarƙa da kwaɗo. Da hannuna. Mata sun zo da bokiti sun tsaya cirko-cirko. Wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, jikokina tara duk da ruwan ga anka yi musu wankan jego." Ta faɗa ne don ta ƙarfafa ni, ba ta san wuƙa ta soka mini ba.

Kin san Bukari maƙwabcina mai amalanken jaki? Ba ki san shi ba, kin huta. Tun muna dako tare bakinsa bai taɓa rufuwa ba. Ya leƙo ta katanga ya ce, "Ɗangana, ashe shekara sha biyar sadakar maganin ɓera kake yi mana?" Na ce, "Da maganin ɓera ne da kai ka fara tafiya." Mutane sunka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai zuci ba. Yanzu duk wadda ta taɓa yin ɓari a unguwar ga, duk wanda ɗansa bai yi tsawo ba, in na wuce sai in ga ana kallona. Ba wanda ya ce komai. Da sun ce da ya fi.

Mata suna tafiya har gulbi, waɗansu suna jiran famfon bakin kasuwa tun safe har hantsi. Mu ma can muke ɗauko na sha. Dattawa sun zauna sun ce rijiya mai cuta ba a barinta da kwaɗo kawai, wata rana wani zai fasa, gara a cike ta kafin ruwan sama ya sauka. Ban yi gardama ba. Na ce su ba ni zuwa ƙarshen wata in ji daga gare ki. Bukari ya ce shi zai kawo ƙasa, wai don zumunci.

Ga kwalabenki. A gaban liman da mutum biyar na buɗe kwaɗon na jefa guga na ɗura. Ruwa ya ja baya saboda rani, duk laka ne, ban tsaya gyara shi ba. Ki yi haƙuri in ya ba ki kunya a gaban malamanki. Ni kunya ta riga ta ƙare mini.

Ki yi sauri.

Ɗangana

*

Malanbil, 5 ga Afrilu 2005

Ɗiyata,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Sa'adiya ta shiga wata takwas, ƙafafu sun ɗan kumbura, an ce ba komai. Ke ce ban san lafiyarki ba. Kwana goma sha bakwai babu ko layi ɗaya. Issufu ma ban gan shi ba, wani ke jan motarsa. Na je kabin na tarho na buga lambar ɗakin gwajinku sau uku, wani ya ɗauka ya ce kin fita. Na ce a raina, yarinyar nan ta ga abin da ya fi na farko muni, ta rasa bakin faɗa.

To ki saurara, don abin da ya faru ya fi ƙarfin jira.

Ƙarshen wata ya yi, ranar Asabar Bukari ya iso da amalanke biyu na jar ƙasa, jakinsa na kuka kamar shi anka yi wa mutuwa. Matasan unguwa sun zo da shebur. Na buɗe kwaɗo, na ɗage kwano. Na leƙa na ga fuskata a ƙasa. Sai na ce su dakata, ina son in ɗebi na ƙarshe in aje, ko ba a sha, in riƙa ganinsa. Bukari ya ce, "Za ka yi mata sallar gawa ne?" Ban kula shi ba.

Na shiga zaure na ɗauko bidona, shuɗin nan mai lita ashirin da nake kai ruwa gona da shi. Tun da abin ga ya faru ban taɓa shi ba, yana jingine inda rana ke bugunsa, da sauran ruwa a ciki. Ina buɗe murfin wani wari ya daki hancina. Na san warin. Duk wanda ya taɓa ratsa gonakin auduga na Kandi bayan feshi ya san shi.

Na zauna a ƙasa da bidon tsakanin ƙafafuna. Innarki ta fito ta gan ni, ta dubi bidon, ta ce, "Alhaji, ba a cikin wannan ka kwantar da ruwan Ummu ba?"

A cikinsa ne.

Ga abin da ban gaya miki ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Ranar da kwalabenki na farko sunka zo, na jefa guga na ga ruwan da duhu-duhu, irin na rani. Ke kin sani, ko baƙo ya zo gidanka ba ka miƙa mishi ruwan da bai kwanta ba, balle ruwan da za a kai birni a ɗaga a gaban malamai da sunanka. Sai na cika bidon na aje shi kwana uku, laka ta zauna, na tsiyaye na sama na ɗura miki. Takardarki ba ta ce a yi ba, ba ta kuma ce kada a yi ba.

Bidon kuwa na maganin ƙwarin auduga ne, ba ɓoyayyen abu ba ne, rabin unguwar ga da irinsa suke aiki, don ya fi kowane ƙarfi, jaki ya taka shi ba ya fashewa. Da na samo shi bara na wanke shi da toka da yashi da sabulu da ruwan zafi, sau bakwai, na shanya shi sati guda. Na ɗauka ya fita.

Na miƙe na fita na ce wa Bukari ya juya da ƙasarsa. Ya ce, "Ƙasar da na haƙo tun jiya?" Na ce ya juye ta a ramin ƙofar gidansa da ke karya wa mutane moto. Dattawa sun ce me ya faru, na ce a ƙara mini kwana goma, in ban kawo hujja ba ni zan fara jefa shebur. Na maida kwaɗo.

Amma ni ba na karɓar magana don ta yi mini daɗi, ko tawa ce. Na'urarki ma ban gama yarda da ita ba. Saboda haka na samo kwalabe biyu na gilashi wurin mai kyamis, na tafasa su. Ɗaya na cika daga guga kai tsaye. Ɗaya na cika da ruwan rijiyar da ya kwana uku a bidon. Na tace duka biyu da farin ƙyalle ɗaya don kada laka ta tona asiri. Na ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya baƙi. Ba zan gaya miki wace ce wace ba. Ko Innarki ba ta sani ba. In haskenki na gani da gaske, shi ya gaya miki.

Na ba sabon direban, na bi shi har ya sa a gaban kujerarsa.

Kawunki,
Ɗangana

*

Kwatano, 11 ga Afrilu 2005

Kawu,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Lafiyata lau, kuma kada ka bari shebur ya taɓa bakin rijiyar nan.

Ka yafe mini shirun. Na rubuto maka tun ranar 23 ga Maris. Issufu ya sa takardar a aljihun rigarsa, zazzaɓi ya kwantar da shi a Faraku sati biyu, rigar tana rataye a ƙusa. Jiya ya zo yana ba ni haƙuri, ya rame. Abin da ke cikinta shi ne: kwalaben laka ukun nan, hasken bai ko motsa sosai ba. Ɗan abin da ya nuna bai kai na sauran rijiyoyin ba. Na rasa gane yadda rijiya ɗaya za ta ba da amsa biyu, shi ya sa na tambaye ka a ciki me kake nufi da "ban tsaya gyara shi ba". Ashe kafin tambayar ta iso ka riga ka amsa.

Zarenka kuma: mai baƙin zare lafiya lau. Mai jan zare ta kusa fitar da layin daga takarda. Yanzu kai ka faɗa mini ko haskena na gani.

Malamina ya tambayi wa ya koya maka ɓoye wa mai awo abin da yake aunawa. Na ce ba kowa. Ya ce mu sai da anka koya mana a aji.

Laifin ba naka kaɗai ba ne. Ni ɗiyar gida ce, na san ba a ba baƙo ruwan da bai kwanta ba, ya kamata in rubuta a takardar. Na gyara ta yanzu.

Rijiya a buɗe, a sha. Amma zan sake aunawa bayan damina, don ruwan sama na iya kawo abin da rani bai kawo ba. Bidon kuwa, maganin ya shige cikin jikin robar, wanki ba ya kai wurinsa, zafin rana ne ke fito da shi kaɗan-kaɗan. Kada a sha a ciki, kada a ƙona, kada a jefa gulbi. A huda gindinsu don kada wani ya tsinta, a tara su wuri ɗaya nesa da ruwa, zan tambayi masu aikin gona yadda ake yi da su. Ka gaya mini ko Sa'adiya ta sha daga gare shi. Na'urata ruwa take aunawa ba mutum ba, saboda haka ta ci gaba da zuwa awo.

Zan sa labarin ga a rahotona, don na tabbata ba unguwarku kaɗai ba ce. Kada ka damu, ba ma rubuta sunan mutane. Za ka fito a matsayin "rijiya ta bakwai", ba wanda zai san kai ne.

Ɗiyarka,
Ummul-Khairi

*

Malanbil, 16 ga Afrilu 2005

Ɗiyata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Lafiya lau muke, lafiya irin wadda mutum ke jin ta har cikin ƙashi. Innarki ta ce in gaya miki na ci tuwo kwano biyu jiya, rabona da haka wata guda. Ki gai da Issufu in kin riga ni ganinsa, ki ce na yafe, amma ya riƙa duba aljihu kafin ya kwanta ciwo.

Jan zaren shi ne bidon. Haskenki na gani. Na janye rabin abin da na faɗa a kan boko.

Sa'adiya ba ta taɓa sha daga gare shi ba. Na tambaye ta, na tambayi uwarta, na sake tambayarta har ta ce, "Baba, ko jandarma ya bar ni haka." Ruwan gida daga guga sai randa. Bidon gona yake zuwa, ni ne mai shansa, ni da masu taya ni dashe, shekara guda cur. Wannan shi ne abin da bai gama sakin zuciyata ba, don su ma mutanen wasu ne. Na bi su ɗaya-ɗaya na gaya musu. Sa'adiya ta je awo ranar Laraba, ungozomar asibiti ta ce ɗa na kwance daidai, sai jiran rana.

Jiya Juma'a bayan an sauko na karanta takardarki a ƙofar masallaci, inda na karanta ta farko. Ban tsallake wurin kuskurena ba. Na taho da jama'a a bayana, na buɗe kwaɗon na cire sarƙa na yar da kwanon gefe. Na jefa guga, na sha na farko a tsaye, da lakarsa da komai. Tsohuwar nan mai jikoki tara ta yi guɗa har ta yi tari. Bukari ya ce, "To ni ƙasata fa?" Na ce, "Tana ƙofar gidanka, karo na farko da ka yi wa unguwa amfani." Ya karɓi gugan ya sha, ya ce wai ɗanɗanon ya ragu tun da anka cire maganin.

Sannan na ce duk mai shuɗin bido ya kawo. Nan ne anka yi rigima. Wata ta ce nata ta wanke da omo. Wani ya ce shekara uku yana sha bai mutu ba. Na ce ni sau bakwai na wanke nawa, ku zo ku shinshina. Na zagaya da shi layi-layi, kowa ya kai hanci ya kau da kai. Zuwa la'asar bido talatin da ɗaya a zaurena, na huda su da ƙusa mai zafi, har da na liman guda biyu. Akwai waɗanda sunka ɓoye nasu, na san su, zan bi su a hankali. Ranar kasuwa kuma zan je wurin masu sayar da su. Can ba za a yi mini guɗa ba.

Yanzu maganar ƙarshe, ita ce ta sa na zauna rubutun ga tun ban karya ba.

Wace ce rijiya ta bakwai? Ni ban san ta ba. Kin ce don kada a san ni ne. Ummu, na tsaya a gaban unguwa sau biyu na faɗa da bakina, sai a takardar Kwatano zan ɓuya a bayan lamba? In wani manomi a Gene ko ƙauyen Tumbutu na kusa da mu ya ji an ce rijiya ta bakwai, zai ce labarin Turawa ne. In ya ji an ce Ɗangana mai albasa, wanda ya sani, shi ne ya wanke bido sau bakwai bai fita ba, zai je ya shinshina nasa.

Ki gaya wa malaminki ni na ce a cire lambar. In akwai takardar da ake sa wa hannu, ki aiko, zan sa. Ki rubuta cewa ni na kwantar da ruwan, ni na rufe rijiyar kafin kowa ya ce in rufe, ni na ji warin, ni na ɗaura zaren. Innarki ta ce ita ta fara faɗa. Gaskiya ne, ki sa ta a layi na biyu.

Amma na farko ki rubuta shi cikakke, yadda za a karanta shi ko bayan raina: Ɗangana Halliru, Malanbil.

Kawunki